Abin da Gilashi Ya Nuna: Kundin Likitan Dabbobi a Riyad

Lahadi

Nuwamba ta kama, zafin Riyad ya sassauta, har mutum na iya tsayawa a waje da hantsi bai nemi inuwa ba. A nan da Lahadi mako yake farawa, kuma duk wanda ya sha fama da dabbarsa a Juma'a da Asabar yau yake garzayo mana da ita.

Yawancin masu zuwa asibitinmu kyanwa suke kawowa, musamman mai dogon gashi irin ta Farisa. Amma wanda ya ci mini safiya yau kare ne, ɗan ƙarami mai yalwar gashi, na wasu baƙi da ke zaune a unguwar Ulayya. Kafin a ɗora shi kan tebur warinsa ya riga shi isowa, warin maiƙon da ya daɗe a jiki. Sai kaɗa kai yake yi, yana susar kunne da ƙafar baya. Cikin kunnen ya yi ja, ga datti mai ruwan ƙasa da danƙo. Gashin tsakanin yatsunsa ya rine saboda yawan lasa, fatar hammata ta yi kauri ta yi baƙi.

Uwar gidan ta ce an taɓa ba su maganin ɗigawa, ya yi sauƙi, ya dawo. So take in rubuta wanda ya fi ƙarfi. Na roƙe ta ta ɗan ba ni lokaci.

Na zura tsinken auduga a kunnen na ɗebo dattin. Kashi ɗaya na kwaɓa da ɗigon mai a kan gilashi don neman ƙananan ƙwarin kunne, ban ga ko ɗaya ba. Ɗaya kashin na murza a wani gilashin, ya bushe, na tsoma shi a kwalaben rinin Diff-Quik guda uku bi da bi. Fata kuwa salatif mai haske na yanko, na manna tsakanin yatsu na ɓanɓare, na sake mannawa, na rina shi, na shimfiɗa a gilashi. Da na juya madubin likita zuwa inda yake ninka abu sau 1000, ga su nan birjik, shuɗi mai duhu. Duk wanda ya tashi a Kano zai gane siffar: gyaɗa ce mai 'ya'ya biyu a cikin kwanso, kai ɗaya ya ɗara ɗaya. Uwa ce da 'yar da ke tohowa daga gefe guda.

Wannan ita ce Malaseziya, yis mai son maiƙo. Irin da ke damun karnuka a jikin wata karkandar Indiya aka fara gano ta a 1925, kuma 'yan uwanta ne ke kawo wa mutum ƙyasbi, suna da hannu a amosanin kai. Abin da na fi so matar ta fahimta shi ne, ko lafiyayyen kare na duba zan iya samun ɗaya ko biyu. Mazauniyar fata ce, ba baƙuwa ba. Babu wani adadi da aka yanke da za a ce daga nan cuta ta fara. Sai an haɗa yawan da aka gani da ja da ƙaiƙayi da wari. Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce me ya sa ta yi yawa haka, kuma a karnuka galibi amsar borin jini ce, ko daga abinci ko daga ƙurar ɗaki. Garin nan busasshe ne ƙwarai, amma ramin kunnen da gashi ya rufe, ana yi masa wanka a kai a kai ba a tsane shi, damina ce a cikinsa kullum.

Na leƙa dodon kunnen na tabbatar bai fashe ba, sannan na wanke. Na ba su sabulun ruwa mai mikonazol da kulohekzidin, wanka sau biyu a mako, a bar kumfar minti 10 kafin a ɗauraye. Maganar abinci kuma za mu zauna a kanta idan ƙaiƙayin ya lafa.

Litinin

Yau ta shaho ce.

Lokacinsu ne. An gama baje kolin da ake yi a Malham, arewa da Riyad, a watan Oktoba, yanzu hankalin masu shaho ya koma kan bikin Sarki Abdul'aziz, inda tsuntsu ke tseren mita 400 zuwa ga mai kiransa. Wani dattijo ya shigo da ɗansa, tsuntsuwar na kan hannunsa, an rufe mata ido da hular fata. Mace ce, don a shaho mata ne manya, irin da suke kira hurr. Ban taɓa ganin masu kiwon da suka san nauyin dabbarsu kamar waɗannan mutane ba. Kullum sai sun aza ta a sikeli, gram nawa ta ƙaru, gram nawa ta ragu. Ya ce tana yagar nama tana yarfarwa, wanda ta haɗiye ma wani lokaci ta dawo da shi, nauyi kuma sai ƙasa yake yi.

Ɗan ya naɗe ta a tawul, na buɗe bakin. Farin abu ya lulluɓe gefen harshe da maƙogwaro, kuma da na shafa jakar abincin da ke ƙasan wuya na ji ta yi kauri. Dattijon ya ce, “Ya daktur, ciwon tantabara ne, na san shi tun kafin a haife ka. Ba ni maganinsa kawai.”

Ban raina saninsa ba ko kaɗan, don sau da yawa gaskiyarsa ce. Shahon da ake ciyarwa da ɗanyar tantabara yana ɗaukar Tirikomonas, kuma farin da take yi a baki kusan haka yake. Matsalar ita ce abubuwa da dama suna sa wannan farar riga: Tirikomonas, da yis ɗin Kandida, da wata siririyar tsutsa mai suna Kapilariya, da ƙarancin bitamin A. Ido ba ya raba su, kuma maganin ɗaya ba ya taɓa ɗaya. Na ce, “Allah ya ja zamaninka, bari mu duba tare.”

Na jiƙa auduga da ruwan gishiri mai ɗumi, na shafo farin, na matse a gilashi, na duba nan take tun bai huce ba. Tirikomonas mai rai ba ta ɓuya. Za ka ga tana mutsu-mutsu tana jujjuyawa. Babu abin da ya motsa. Babu ƙwan tsutsa mai toshi a kai biyu. Da na rina gilashi na biyu sai ga ƙwayoyi masu siffar ƙwai suna tohowa, kuma, abin da ya fi ɗaukar hankalina, wasu sun miƙe sun zama zare mai gaɓa-gaɓa. Yis ɗaya ko biyu a bakin tsuntsu ba labari ba ne. Amma idan ta fara miƙa zare, alama ce ta daina zaman haya a sama, ta fara kutsawa cikin nama.

Na matsa na ba dattijon wuri ya sa ido. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗago ya dubi ɗansa. A nan ne ɗan ya ce bayan ta gama sauya gashi sun ji kamar numfashinta ya canja, sai suka ba ta antibayotik, suka ci gaba har wajen mako biyu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Maganin ya share bakteriyar kirki da ke zaune a baki da maƙogwaro suna tare hanya, Kandida ta samu fili.

Na rubuta nistatin, na nanata musu cewa ba ya shiga jini, sai inda ya taɓa yake aiki, don haka a shafa shi a baki ya gangara, a jinkirta abinci kaɗan. Tantabarar da za a ba ta nan gaba a cire kai da jakar abinci, a daskarar da naman tukuna. Sauran samfurin na shuka shi a faranti biyu na sa a akwatin ɗumi. Maganar numfashin ma ban bar ta ba, domin babban makashin shaho a ƙasashen nan fumfunar Asfajilos ce da ke kama huhu da jakunkunan iska. Na sa an ɗauki hoton ƙirji da jini.

Da dare na sake buɗe littafin Dakta Jaime Samour kan lafiyar tsuntsaye. Ya yi shekaru yana aiki a Cibiyar Shaho ta Fahad bin Sultan a nan Riyad, kuma ana jin hakan a rubutunsa; mutum ne da ya riƙe irin waɗannan tsuntsaye da hannunsa.

Talata

Farantan ba su ce komai ba tukuna, sai 'yan ɗige-ɗige.

Wata baiwar Allah ta kawo kyanwa mai atishawa da majina ta hanci guda, karan hancin ya ɗan kumbura. Da na tambayi yadda gidan yake, ta ce mijinta na kiwon tantabaru a saman soro, kyanwar kuma can take wuni. Gabana ya faɗi, domin akwai yis mai suna Kiriptokokus da ke son tsohon kashin tantabara, ana shaƙar ta da ƙura, kuma a cikin dabbobin gida kyanwa ta fi kamawa. Daga hanci takan wuce ido da ƙwaƙwalwa.

Gwajinta na farko baƙar tawada ce. Ana haɗa ɗigon majina da ɗigon tawadar Indiya a gilashi. Ƙwayar tana da kauri mai santsi da ya kewaye ta, tawada ba ta ratsa shi, sai ka ga farin da'ira a cikin baƙin fili, ƙwayar na tsakiya. Na bi gilashin lungu-lungu ban ga komai ba. Rashin gani a tawada ba ya wanke dabba, don haka na ɗebi jini na aika ɗakin gwaji a nemi sinadarin wannan kaurin, gwajin da ya fi tawada kaifi nesa ba kusa ba.

Ta tambaye ni cikin damuwa ko yaranta za su ɗauka daga kyanwar. Na ce ba a san ta da tsallakawa daga kyanwa zuwa mutum ba. Dukansu daga ƙura suke shaƙa, kuma mai raunin garkuwar jiki ya fi zama cikin haɗari. A yayyafa ruwa kafin a share akurkin, mai shara ya rufe hanci.

Laraba

Bayan sallar asuba muka kama hanyar Kharj, kilomita kusan 80 kudu maso gabas. Yankin madara ne. A can manyan gonakin Almarai da Al Safi suke, shanu dubbai a ƙarƙashin rumfunan da ke fesa musu ruwa. Mu ba can muka nufa ba. Wata ƙaramar gona ce ta wani ɗan kasuwa, dabino da 'yan shanu da awaki, don madarar gida.

Makiyayin da ya buɗe mana ƙofa dattijo ne ɗan Sudan. Muna gaisawa da Larabci ya tsaya ya dube ni, sai ya ce, “Kai ɗan ina ne?” da Hausa tsantsa. Mutumin Mai Wurno ne, a bakin kogin Nil Shuɗi, jikan waɗanda suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Bai taɓa taka Sakkwato ba, amma Hausarsa akwai kalmomin da tun rasuwar kakata ban sake ji ba. Muka gaisa gaisuwa ta gaske, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya kamar ya san su.

Saniyar na tsaye a inuwa. Ɓangare ɗaya na hantsarta ya kumbura ya yi tauri, nonon ya ragu, yana fita da gudaji. Ya ce, “Likita, mun yi mata allura ta kan nono har mun gaji. Kullum jiya i yau, kai, har gara jiya.”

Na ce, “Baba, nuna mini abin da kuke yi da shi.”

Ya shiga ɗaki ya fito da babbar kwalbar antibayotik da sirinji guda, bakinsa ya sha ƙura. Daga kwalbar nan ake zuƙa a tura ta kan nono, a ajiye, gobe a sake. Ba laifinsa ba ne. Abin da aka miƙa masa ke nan aka ce ya yi. Amma ta wannan ƙofa yis ke shiga hantsa. Tana nan a fatar nono da hannun mai tatsa da shimfiɗar garke, sirinji ya ɗauke ta ya kai ta ciki, maganin da ya rako ta kuma ba ya yi mata komai, sai ma ya kawar mata da abokan gasa.

Na wanke kan nonon, na goge da auduga mai barasar asibiti, na zubar da tatsar farko, sannan na tara a kwalba mai tsabta na sa a ƙanƙara. Na yi gwajin faranti mai rami huɗu, inda ake haɗa nonon kowane ɓangare da ruwan gwaji: uku suka tsaya ruwa, na huɗun ya yi yauƙi. Wannan ya nuna akwai kumburi, bai faɗi mai laifi ba. Ƙaramin madubin da nake yawo da shi a mota ne ya faɗa. A kan murfin akwati na shafa nonon a gilashi na rina, sai ga yis masu tsayi-tsayi suna tohowa a tsakanin ƙwayoyin mugunya.

Na ce a dakatar da allurar yau ɗin nan, a jefar da kwalba da sirinji. A riƙa tatse ɓangaren sau da yawa a rana har ya zama fayau, a tatse ta a ƙarshe bayan sauran shanu, a wanke hannu, nonon kuma a zubar, kada a sha kada a ba maraƙi. Da yawa daga irin wannan ciwo suna warkewa da kansu cikin makonni idan an daina tsokanar hantsar. Dattijon ya yi shiru, sannan ya ce, “Wato maganin shi ne a bar magani?” Na ce a wannan karon, e. Ya ce shi ya yarda, mai gona ne sai na yi masa bayani da kaina, don mutumin da ya biya kuɗin likita yana so ya ga an soka allura.

Bai bar mu mun tafi ba sai da muka sha shayi da dabino.

Alhamis

Farantan shaho sun yi magana. Na farko, abincin shukar da ke ɗauke da sunan Raymond Sabouraud, likitan fata na Faransa da ya haɗa shi a ƙarshen ƙarni na 19, ya cika da ɗigo farare masu santsi da ƙanshin ƙullin burodi. Na biyu, CHROMagar, wanda ke ba wasu ire-iren Kandida launinsu na daban, ya fito kore: albikans ke nan. Na ƙara da tsohon gwajin da aka koya mana a Samaru, na ɗiga kaɗan a ruwan jini na bar shi awa biyu zuwa uku a ɗumin digiri 37, ƙwayoyin suka fitar da 'yan siraran wutsiyoyi. Hoton ƙirjinta lafiya lau. Ɗan dattijon ya turo bidiyo tana cin naman salwa ba ta yarfarwa. Na ce kada su tsayar da magani don sun ga sauƙi, sai mun sake shafawa mun duba.

Sakamakon kyanwa ya dawo, babu Kiriptokokus. Na yi hamdala, don da ita ce da watanni za a kwashe ana shan magani. Yanzu sai a sa ta barci a duba saiwar haƙori da cikin hancin, a yanki ɗan nama idan ta kama. Tantabarun maigidan sun fita daga zargi.

Juma'a

Babu aiki. Bayan masallaci na ci abinci da 'yan uwa a Manfuha, ana ta hirar gida.

Da la'asar Kawu ya kira daga Kano. Kajinsa na gidan gona da ke wajen Kumbotso ba sa girma, sun yi suku-suku, wuyan wasu ya cika da ruwa mai tsami. Na tambayi abin da yake ba su. Ya lissafa mini garin magani kala-kala da yake zubawa a ruwan sha tun suna 'yan tsaki, wai don kada ciwo ya zo. Na ce, “Kawu, don Allah ka ɗauki biyu marasa lafiya ka kai wa likitan dabbobi ya buɗe jakar abincinsu. In ya ga cikin ta yi kauri da farin abu mai tudu-tudu, ya kankara ya duba a madubi. Kafin nan ka wanke mazuban ruwa sosai, ka duba ko dusar ta jiƙe.” Ya ce mai shagon magani ya riga ya ba shi wani sabo. Na ce ya ajiye shi tukuna.

Wannan kira ya tsaya mini a rai har dare. Mutane na ɗauka abin da muke yi a nan sai ƙasa mai arziƙin Saudiyya. Gaskiya akwai na'urori masu tsada da ke faɗin sunan ƙwaya cikin mintuna, kuma suna da amfaninsu. Amma kare da shaho da saniyar makon nan duk gilashi da rini da madubi ne suka fara tona asirinsu, kayan da ɗalibin Zariya ko Sakkwato ya riƙe tun yana aji uku. Kuɗin garin maganin da Kawu ya zuba a ruwa ya fi kuɗin gwajin sau da yawa. Abin da ya yi mana ƙaranci a gida shi ne madubi a kusa da mai kiwo, a Dawanau da Wudil da Maigatari, ba sai a cibiyar binciken dabbobi ta Vom ko asibitin koyarwa ba, da kuma likitan da zai ce a dakata a duba alhali mai kaji na tsaye yana jiran a miƙo masa ƙunshi. Na san nauyin wannan tsayuwar. Mai dabba yana cikin tashin hankali, dukiyarsa ce ke zubewa, kuma wanda ya miƙa masa magani nan take shi yake gani a matsayin mai tausayi.

Asabar

Da na shiga, akwatin ɗumi na fara buɗewa. Farantin nonon saniya bai yi kore ba. Ruwan hoda ne, busasshe, mai faɗi da gefe gatsa-gatsa, siffar Kandida kurusai. A hantsar shanu dama ba albikans ce ta fi yawa ba, irin waɗannan ne. Babu bakteriyar da ta tsiro a ɗaya farantin da na shuka nonon.

Ban gama rubutawa ba mai gonar ya kira. Ya yi tambaya a wani wuri an ce masa tunda yis ce a ba ta fulukonazol, yana so in rubuta. Na ce masa wannan irin da ta fito, a halittarta fulukonazol ba ya kama ta. Da mun saya da asarar kuɗi ce, ga ƙarin kwanakin zubar da nono. Ya ɗan yi jim, ya tambayi yaushe za ta warke. Na ce makonni ne ba kwanaki ba, kuma mai yiwuwa ɓangaren ba zai koma ba da nono kamar da ba sai haihuwa ta gaba. Idan zazzaɓi ya taso ko ta daina cin abinci, a kira ni ko da tsakar dare ne.

Sai ya miƙa wa dattijon wayar. Ya ce taurin ya fara saki ta sama, gudajin sun ragu, yana tatsarta har bayan isha'i. Na ce ya ci gaba, ranar Laraba in Allah ya kai mu zan zo da kwalabe in ɗebi nonon sauran shanun ma, tunda sirinji ɗaya ya zaga su duka.